Kurtu Huɗu, Takarda Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar wata Talata bayan la'asar, a ɗakinsa da ke Umm Salal, kusa da Doha a ƙasar Qatar. Ya dawo daga masallaci, ya ce wa maƙwabcinsa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Kishingiɗar ke nan.

Ban san Kawu yana da jama'a haka a Doha ba sai da aka zauna karɓar gaisuwa. Direbobi 'yan Zongo na Ghana suka zo da kayan aiki a jikinsu. Ɗaya daga cikinsu, ƙato mai wuya kamar na sa, ya zauna a bakin tabarma yana ta maimaita magana guda: "Yanzu wa zai rubuta mana takarda?" Ɗalibai 'yan gida Najeriya suka zo, kowa da labarin faɗan da Kawu ya taɓa yi masa kan munin rubutu, ana dariya ana share hawaye. Wani dattijo Basudane, dillali a gidan gwanjo, ya riƙe hannuna ya ƙi saki, yana cewa bai taɓa ganin mai saye da ke gaishe da kaya kafin ya taya su ba sai Kawu. Wakilin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, shi ma ya zo, ya yi addu'a mai kyau, sannan ya ja ni gefe cikin ladabi ya ce ɗakin na kamfani ne, sun ba mu sati biyu mu kwashe kaya.

Da na kira Inna a Zariya, na shirya wa kuka. Ba ta yi ba. Ta ja salati, sannan ta ce, "Auta, ya ba ka saƙona?"

Na ce, "Yana ɗakinsa, Inna. Zan ɗauko."

Saƙon nan shi ya sa nake wannan rubutu, don haka bari in faɗi ko mene ne.

Kakanmu, wanda Inna da Kawu suke kira Baffa, magatakardan alƙali ne tun zamanin Turawa. Yana da kurtun tawada na tagulla, aikin maƙeran Bida, ɗan madaidaici mai murfi. Wata rana wani Bature ya shigo kotu ya ɗauki kurtun, ya jujjuya shi, ya yaba. Ku kun san halinmu, in babban baƙo ya yaba abu a gabanka, kunya ba ta barinka ka mayar da shi aljihu. Baffa ya ce, "Ai naka ne." Ya zaci Baturen zai yi godiya ya ajiye, kamar yadda ɗan gari zai yi. Bature ya sa a jaka ya tafi. Inna ta ce har Baffa ya koma ga Allah, in ya tsoma alƙalami a kurtun duma da ya maye gurbin wancan, sai ya yi tsaki. Ita ce take ɗiga masa ruwa a tawada kowace safiya tana 'yar mitsitsiya, shi ya sa abin ya zauna mata a rai.

Kawu ya zo Doha shekara ashirin da ɗoriya da suka wuce, yana fassara takardu tsakanin Larabci da Turanci a wani kamfanin gonaki. Ya wuce shekarun aiki tuni, amma kafil ɗinsa ya ƙi sakinsa. A nan ya gano cewa kayan da Turawa suka kwasa daga ƙasashenmu suna fitowa a gwanjo in jikoki sun gaji da su, kuma masu kuɗin wannan yanki suna son kayan rubutu na dā. Ya fara zuwa don neman kurtun Baffa kawai. Amma mutum ba ya zama a gidan gwanjo shekara da shekaru hannunsa bai ɗagu ba. Kafin a ankara ɗakinsa ya cika: kwalaben tawada na gilashi masu nauyi, akwatunan alƙalami na Turkawa, 'yan gwangwanayen yashi da ake barbaɗawa a kan rubutu ya bushe, wuƙaƙen fiƙe alƙalami, hatimai. Sun haura sittin. Gadonsa kuwa katifa ce a ƙasa, kuma rigunansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Kowane ɗaya yana da 'yar takarda ɗaure a wuya da zare, Kawu ya rubuta da ajami inda abin ya fito da ranar da ya shigo hannunsa. Ba shi da wani littafi, ba ya yarda da kwamfuta. Na taɓa ce masa ya bari in ɗauki hotunansu in adana masa. Ya kalle ni ta saman gilashinsa ya ce, "Auta, wayarka ta nawa ke nan tun zuwanka?" Ta uku ce.

Dokarsa guda ce, kowa ya san ta: ba a gogewa, ba a sharewa. Tagullar ta yi baƙi, tawada ta bushe ta yi ɓawo a jikin wasu, ƙura kuwa shi kaɗai yake kaɗe ta da gashin tsuntsu. In ka kai hannu sai ka ji, "Kai! Dauɗar nan ita ce shaidarsa." Ya kan ce duk kurtun da ya ga yana ƙyalli a gwanjo, ya san ya faɗa hannun wanda bai san darajarsa ba.

Mun taɓa yin faɗa da shi, kuma ni ne mai laifi. Shekarata ta farko da zuwa karatun digiri na uku, ya ja ni gwanjo a wani zaure mai sanyi kamar cikin firji. Na ga tsoho mai cin burodi da shayi safe da rana yana ɗaga kati yana ja-in-ja da masu manyan motoci a kan wata kwalba da ko ruwa ba za ka sha a ciki ba. A tasi muna dawowa raina ya ɓaci, na ce, "Kawu, don Allah wannan ai tarkacen matattu ne. Wa yake rubutu da tawada yanzu?"

Juma'a biyu bai neme ni ba. A ta uku ya kira ya ce in same shi Corniche, bakin teku, bayan la'asar, inda ya saba zama yana kallon jiragen katako. Na zo ina ta shirya ban-haƙuri. Ya ce, "Zauna. Kai mai karatu, nuna min abu guda a ɗakinka da jikanka zai ɗauka ya ce hannun kakana ya taɓa nan." Na yi tunani, ban samu komai ba sai caja da kofin roba. Ya yi dariya har da tari, ya miƙo min alƙalamin kara da ya fiƙe da hannunsa. Faɗan ya ƙare a nan, bai ƙara tayar da shi ba.

Da alƙalami irin wannan yake rubuta wa ma'aikata takardun koke da na neman hutu. Ba ya karɓar ko sisi. Yana rubutawa da hannu, da Larabci mai kyau, domin a cewarsa Balarabe yana jin nauyin ƙin amsa rubutun hannu mai kyau, na inji kuwa a kwandon shara yake kwana. Cikin waɗanda ya yi wa haka akwai wata dattijuwa 'yar Zongon Kumasi, mai dafa wa ma'aikatan gonar abinci, kowa yana ce mata Mma. Lokacin da mahaifiyarta take jinyar ajali an hana ta hutu, takardar Kawu ce ta sa aka bar ta ta je ta same ta da rai. Tun daga nan ba ta fasa kawo masa tuwo da miyar ayoyo duk Juma'a ba. Tana kiransa Baba. Matar Kawu ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa duk suna gida, don haka Mma ta ɗauki kula da shi a matsayin aikinta. Abu ɗaya ne yake haɗa su rigima, shi ne teburin da ya jera kayan nan a kai. Ta kan tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, mutum mai tsafta kamarka, kayanka kamar na maƙeri?" Shi kuma ya ce, "Ajiye tuwon, Allah Ya yi miki albarka, ki bar min maƙerata."

Sau uku Kawu yana sayen kurtun tagulla na Bida yana zaton na Baffa ne. Duk ƙira ɗaya, girma ɗaya, murfi ɗaya. Sai ya kawo gida ya duba da kyau ya ga ba shi ba ne. Abin da yake nema ba a jikin tagullar yake ba. Baffa yana goge bakin alƙalami a kafaɗar kurtun, shekara da shekaru, har tawada ta taru a wurin ta yi ɓawo mai kauri. Kawu yana ɗan shekara bakwai ya ɗauki ƙusa ya zana harafin farko na sunansa a cikin ɓawon nan, ya kuma sha dukan da bai manta ba har tsufa. Wannan zanen yake nema.

Wata guda kafin rasuwarsa ya kira ni, yana murna kamar yaro.

"Auta, na same shi."

"Kawu, ka tabbata? Ka faɗi haka sau uku fa."

"Harafina yana nan. Karkatacce, kamar yadda na yi shi. Zo ka gani."

"Turo min hoto mana."

"Ba na turawa. Zo ka gani da idonka. Da Sallah zan kai wa uwarka da kaina, in sa mata a hannu."

Daga Ain Khaled inda nake zuwa Umm Salal ba wata tafiya ba ce. Amma ina da babi da zan miƙa wa malamina. Na ce Juma'a mai zuwa. Juma'ar ta zo na ce ta gaba. Sau uku ina ɗagawa. Babin nan har yau ban miƙa shi ba, kuma ko na miƙa ban san me zai amfana min ba. Wannan ita ce nadamar da nake kwana da ita nake tashi da ita.

Kwana biyun farko bayan rasuwar ban shiga ɗakin ba. Ina tsakanin asibiti, ofisoshin takardu, maƙabarta da tabarmar gaisuwa. Na bar makulli a hannun maƙwabci saboda mata masu dafa abincin baƙi suna buƙatar wurin ajiye kaya. A rana ta uku da hantsi na tura ƙofar.

Sai da na kare idona da hannu. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan teburin, komai yana walƙiya. Gilasai sun yi garau, tagulla ta yi ja tana ɗaukar ido kamar tasoshin jere. An shirya su layi-layi, manya a baya, ƙanana a gaba. Babu zare ko ɗaya a wuyan kowanne. Mma tana durƙushe a gefe da roba a gabanta, da ragowar tsamiya da toka, yatsunta sun yi fari sun yamutse.

Ta ɗago tana murmushi cikin hawaye ta ce, "Ɗana, ka gani? Kwana biyu ina yi. Na ji an ce za a sayar. Kada mutane su zo su ce Baba ya zauna cikin dauɗa."

Na ce, "Takardun fa?"

"Yoo, suna nan. Ko ɗaya ban jiƙa ba." Ta miƙo min gwangwanin biskit. Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a ciki, ta naɗe zarurrukan gefe guda.

Na zauna a ƙasa na zazzage gwangwanin, ina ta tonawa har na samu wadda nake nema. Ba irin sauran ba ce, babu sunan gari babu kwanan wata. Kawu ya rubuta: "Na Baffa. Alhamdu lillahi." Na ɗaga kai na dubi teburin. Kurtunan Bida huɗu suna jere a layin tsakiya, sumul, kamar yau aka sauke su daga maƙera.

Abin da na faɗa wa matar nan ba zan maimaita shi duka ba. Na ce wa ya aike ta. Na ce shekara nawa yana hana ta, sai da ta ga ƙasa ta rufe shi ta samu dama. Na ce ta kashe shi karo na biyu. Mace sa'ar uwata, wadda ta ciyar da Kawu fiye da yadda ni na taɓa yi. Ta ɗauki robarta ta fita, ta bar takalminta a bakin ƙofa.

Kwana goma sha ɗaya suka rage min, kuma babu abin da ban gwada ba. Na auna zarurrukan da wuyan kurtunan, wuyan duk ɗaya ne. Na aro madubin ƙara girma daga wani abokina mai aiki a ɗakin gwaji, na bi kafaɗar kowanne ko ƙusar ta taɓa tagulla. Ba ta taɓa ba, hannun ɗan shekara bakwai bai kai nan ba. Na nemo hoton da gidan gwanjo ya buga lokacin da Kawu ya saya, ɗan ƙarami, wani dunƙulen baƙin abu. Na yi ta buɗa shi a waya har ya farfashe. Rasitan da na samu a ƙarƙashin katifa duk abu guda suke faɗi: kurtun tagulla, Afirka ta Yamma. Na kwashi huɗun na kai wa dattijon nan Basudane. Ya ɗauki kowanne ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, sannan ya girgiza kai. Ya ce maƙeri ɗaya ne ya yi su, wataƙila ma a sati ɗaya. Ya tambaye ni wa ya goge su. Na ce wata mai ƙaunarsa. Ya ce, "Kullum haka ne."

Na kira Inna ta bidiyo, ina fatan ko idonta zai kama abin da nawa bai kama ba. Idon nata yana da yana, sai ta kawo wayar dab da hanci. Na nuna mata na farko, na biyu, na uku, na huɗu.

Ta ce, "Waɗannan masu ƙyallin na waye? Baƙi ne, Auta. Nuna min baƙin."

Na ce layin ba shi da kyau, zan sake kira. Na kashe wayar na kifa kaina a kan teburin Kawu na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Dabara ɗaya ta rage, in ɗauki duka huɗun. Na kira babban ɗan Kawu, wanda nake ce wa Yaya, na faɗa masa gaskiya. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Auta, wanda Baba ya ce na Gwaggo ne, duk mun ji da kunnenmu, ɗauki ka kai mata. Sauran kuwa gado ne. Mu tara ne, kowa da halinsa, kuma an ce min huɗun nan su ne masu tsada a cikin kayan. Ni zan iya yafe nawa, ba ni da ikon yafe na wani." Na roƙe shi ya tambaye su. Ya tambaya, uku suka ƙi. Ban ga laifinsu ba, ba su taɓa ɗiga wa Baffa ruwa a tawada ba, kuma kowa yana da bakin da yake ciyarwa.

Na yi istihara ban ga komai ba. Ranar da motar gidan gwanjo ta zo kwasar kaya, ma'aikata suna naɗe komai a takarda suna ce min yalla, yalla, wato in yi sauri, ni kuwa ina tsaye a kan huɗun nan kamar wanda aka dasa. Daga ƙarshe na ɗauki na biyu daga hagu, don murfinsa ya fi tauri. Ba ni da wata hujja. Na sa shi a aljihu, aka naɗe ukun a gabana.

Na je gwanjon. Na karɓi kati, na zauna da ɗan abin da na tara daga kuɗin tallafin karatu da abin da ɗalibai 'yan'uwana suka haɗa min. Da aka zo kan kurtunan, mai kiran gwanjon, da gudumarsa a hannu, ya faɗa da Larabci da Turanci cewa abin takaici an goge su. Na ji daɗin wannan magana, Allah Ya yafe min, na zaci za ta kori masu saye. Ba ta kore su ba. A na farko na ɗaga kati sau biyu, a ɗagawa ta uku na san ƙarya nake yi, na sauke hannu. Wani mai farar riga a layin gaba ya tafi da shi. Na biyu wani ya saye ta waya, ko muryarsa ban ji ba. Na uku ban ma ɗaga ba, ya wuce ni tun a tayin farko. Duk bugun guduma sai in ji a jikina cewa wannan ne, wannan ne na Baffa, ga shi an sake ba baƙo shi a gaban jikansa. Da aka tashi na bi ma'aikatan ina roƙon sunayen waɗanda suka saya. Wata budurwa ta ce min cikin tausayi ba sa bayarwa, khalas, wato magana ta ƙare.

Washegari na koma Umm Salal miƙa makulli. Mma tana zaune a kan dakalin ƙofar, da leda a cinyarta. Tun ranar nan ban gan ta ba. Na tsaya a gabanta. Ita ta fara.

"Ɗana, an gaya mini abin da na ɓata. Wallahi ban sani ba."

Ta buɗe ledar ta fito da gorar ruwa ta roba, babba, cike da wani baƙin ruwa.

"Kafin in sa tsamiya, na jiƙa su a ruwa mai kyau, tawadar ta narke. Ban zubar ba. Tawada ce, wa ya san abin da aka rubuta da ita? Ƙila sunan Allah. Mu ba a koya mana zuba irin wannan a kwata ba. Na ce in na samu wuri mai tsarki a gona sai in tona in zuba. Da na ji labarin sai na ajiye maka."

Na karɓi gorar da hannu biyu. Tawadar Baffa tana ciki, da harafin Kawu, sun narke sun gauraya da ta Turkawa da ta Turawa da ta mutanen da ba wanda ya san sunansu. Na durƙusa a gaban matar nan a kan titi, motoci suna wucewa, na ce ta yafe min. Ta dafa kaina ta ce, "Tashi, tashi, kada ka sa ni kuka. Baba ba ya son hayaniya."

Wani ɗalibi mai tafiya hutu na ba kurtun da gorar ya kai Zariya. Ban aika da bayani ba, tsoro ya hana ni. Bayan kwana huɗu da sassafe wayata ta yi ƙara.

Inna ta ce, "Na buɗe gorar nan. Akwai ƙanshin ƙaro a ciki, can ƙasa-ƙasa. Irin haɗin Baffa."

Na ce, "Tawadarsa tana ciki, Inna."

"Kurtun fa? Na shafa shi, na shafa shi, hannuna bai gane shi ba. Shi ne?"

Na kwana huɗu ina shirya ƙarya mai kyau. Da lokacin ya zo ta ƙi fita. Na ce, "Ban sani ba, Inna." Na faɗa mata komai, har da Juma'o'in nan uku da na ɗaga. Na tsaya jiran faɗa, har ina fatan ta yi, ko na samu sauƙi.

Ina jin kukan kaji a tsakar gidanmu ta cikin wayar. Sannan ta ce, "Sauran ukun suna ina?"

"Ban sani ba. An sayar, ba a faɗin wanda ya saya."

"Da yayana ya fara nema, an faɗa masa wanda ya saya?"

"A'a."

"To. Shi da tsufansa ya nemo ɗaya. Kai da ƙuruciyarka ka nemo uku. In an jera min su huɗu a gabana, na san yana ciki, ba sai an nuna min ba." Ta yi tari, ta ƙara da cewa, "Ina nan ina jira. Amma kada ka daɗe, Auta."

Na ce, "To, Inna."

Yanzu sunana yana rajistar gidajen gwanjo fiye da yadda zan iya lissafawa, na nan da na ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Ina buɗe hotuna ina neman kurtun Bida mai ƙyallin da ya wuce kima. Wanda ya saya jiya ba ya sayarwa yau, wani sai ya mutu jikokinsa su fitar. Na san wannan sarai, kuma na san shekarun Inna.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya karɓi kowace takarda da ya rubuta wa mai rauni a matsayin shaida gare shi, Ya haɗa shi da Baffa a inda ba a rabuwa da abin da ake so. Allah Ya saka wa Mma da alheri a kan niyyarta, Ya yafe min abin da harshena ya yi mata. Wanda ya karanta wannan ya sa Kawu a addu'a. Ni kuma ku roƙa min Allah Ya ja kwanan Inna, don yau da safe ma ta kira ta tambaya ko an dace.